Leopoldo Galtieri, janar ɗin da ya kai Ajantina yaƙi da Birtaniya a kan tsibiran Malvinas

A ranar 30 ga watan Maris na shekarar 1982, dubban ma'aikata sun fito kan titunan Buenos Aires, babban birnin Ajantina, bisa kiran ƙungiyar ƙwadago ta CGT. Abin da suke nema bai wuce abinci da aikin yi da kuma saukar sojoji daga mulki ba. Ƴan sanda suka tarye su da kulake da hayaƙi mai sa hawaye, aka kama fiye da mutum dubu, a birnin Mendoza kuma aka harbi wani ma'aikaci wanda ya cika bayan ƴan kwanaki. Kwana uku kacal bayan wannan, filin Plaza de Mayo da aka hana masu zanga-zangar isa gare shi ya cika maƙil da jama'a, suna kaɗa tuta, suna tafa wa shugaban da ya sa aka doke su. Da asubahin wannan rana, 2 ga Afrilu, sojojin Ajantina sun sauka a tsibiran da ƴan ƙasar ke kira Malvinas, Turawan Ingila kuma ke kira Falkland, sun sauke tutar Birtaniya sun ɗaga tasu.

Mutumin da ya fito barandar fadar shugaban ƙasa yana ɗaga wa taron hannu shi ne Laftanar Janar Leopoldo Fortunato Galtieri. A lokacin wata uku da ƴan kwanaki ke nan da hawansa mulki, kuma wata biyu da rabi kawai suka rage masa a kan kujerar.

An haife shi ranar 15 ga Yuli 1926 a Caseros, wani gari da ke gefen Buenos Aires. Gidansu na talakawa ne, zuri'ar ƴan ci-ranin Italiya da suka tsallaka teku neman abin rufin asiri. Ga yaro irinsa, kakin soja shi ne tsani mafi kusa na zama wani abu. Yana da shekara 17 ya shiga makarantar horar da hafsoshi, ya zaɓi ɓangaren injiniyoyi, masu kafa gada da dasa nakiyoyi. A 1949 ya samu horo a makarantar sojan Amurka da ke yankin mashigin ruwan Panama, wadda daga baya ta yi ƙaurin suna saboda yawan masu mulkin kama-karya na Kudancin Amurka da suka bi ta cikinta. Ya yi aure, ya haifi ƴaƴa uku, ya riƙa hawa muƙami ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani ya shaide shi da kaifin basira ta daban ba. Abin da aka san shi da shi shi ne tsawo da faɗin ƙirji, da murya mai kauri, da son a gan shi cikin sojoji, da kuma shan wiski, wanda ko abokansa ba su musanta ba.

Akwai abu guda game da rundunar da ya girma a cikinta wanda ke bayyana abin da ya faru daga baya. Rabon sojan Ajantina da yaƙi da wata ƙasa tun yaƙin Paraguay da ya ƙare a 1870. Amma tsakanin 1930 da 1976 sau shida suna kifar da gwamnati. Wato janar-janar ɗin ƙasar sun ƙware wajen kama gidan rediyo da kewaye fadar shugaban ƙasa, ba su taɓa tsayawa gaban abokin gaba mai jiragen sama da manyan bindigogi ba.

Shekarun Rosario

Ranar 24 ga Maris 1976 sojoji suka hamɓarar da shugaba Isabel Perón, Janar Jorge Rafael Videla ya karɓi ragama. Abin da ya biyo baya shi ne mafi munin zamani a tarihin ƙasar. Da sunan yaƙi da ƴan tawaye masu ra'ayin gurguzu, aka riƙa ɗauke mutane cikin dare a motocin da ba su da lamba: ɗalibai, ƴan ƙwadago, lauyoyi, ƴan jarida, malaman coci. Ana azabtar da su a gidajen tsarewa na ɓoye, wasu a yi musu allurar barci a jefa su teku daga jirgin sama. Hukumar binciken da aka kafa bayan komawa mulkin farar hula ta tattara sunayen mutum 8,961 da suka ɓace, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma suna ƙiyasta 30,000.

Daga ƙarshen 1976 zuwa farkon 1979 Galtieri ne kwamandan Runduna ta Biyu mai hedikwata a Rosario, don haka duk gidajen tsarewar yankin a ƙarƙashinsa suke. A birnin ne Ajantina ta ci Peru 6 da nema a gasar cin kofin duniya ta 1978, ana ihun murna a filin wasa alhali ba da nisa ba akwai waɗanda ke ɗaure ido rufe.

Labari ɗaya daga wancan lokaci ya nuna irin tunanin mutumin. A farkon Janairu 1978 aka kama wani jigo na ƙungiyar ƴan tawayen Montoneros mai suna Tulio Valenzuela tare da abokiyar zamansa Raquel Negro, tana ɗauke da cikin tagwaye. Aka kai su wani gidan gona a Funes, kusa da Rosario. Galtieri ya tsara cewa za a tura Valenzuela ƙasar Meziko tare da jami'an leƙen asiri, ya kai su inda shugabannin ƙungiyar ke ɓoye a kashe su, matar kuma ta zauna a hannun soja a matsayin jingina. Valenzuela ya nuna ya yarda. Yana isa Meziko ya kuɓuce, ya kira ƴan jarida ya tona asirin komai, hukumomin ƙasar suka kama jami'an suka kore su. Raquel Negro ta haihu a asibitin soja na Paraná, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Sai a 2008 aka gano macen cikin tagwayen ta hanyar gwajin jini, tana zaune da wasu iyayen riƙo. Janar ɗin ya gina dukan shirinsa a kan zaton cewa abokin gaba zai yi daidai abin da shi yake so ya yi. Abin kunyar da ya jawo bai hana a ƙara masa girma ba. A Disambar 1979 ya zama babban hafsan sojan ƙasa.

A wannan tsakanin ma saura ƙiris Ajantina ta gwabza da maƙwabciyarta Chile a kan wasu ƙananan tsibirai uku a mashigin Beagle, can ƙarshen kudancin nahiyar. A Disambar 1978 an riga an jibge sojoji a kan iyaka, sai Fafaroma John Paul na Biyu ya shiga tsakani. Rikicin ya lafa amma bai mutu ba, kuma Galtieri na cikin masu zafin kai a kansa.

Hanyar fada

A Maris 1981 Videla ya miƙa mulki ga Janar Roberto Viola, lokacin da tattalin arziki ya riga ya durƙushe. Bankuna na rushewa, masana'antu na rufewa, darajar kuɗin peso na zubewa, hauhawar farashi ta haura kashi 100 cikin 100 a shekara. Galtieri kuwa yana ta kai da kawo zuwa Washington, inda sabuwar gwamnatin Ronald Reagan ta karɓe shi hannu bibbiyu. Jimmy Carter ya juya wa sojojin Ajantina baya saboda kisan da suke yi, amma Reagan yana buƙatar su: hafsoshin Ajantina ne ke horar da ƴan tawayen Contra a Honduras domin yaƙar gwamnatin Nicaragua. Liyafa da yabon da aka yi masa a can sun shiga kansa. Ya komo gida yana ganin kansa babban aminin Amurka a nahiyar.

Don ture Viola yana buƙatar goyon bayan sojan ruwa, wanda shugabansu, Admiral Jorge Anaya, tsohon abokinsa ne tun ƙuruciya. Anaya ya daɗe da burin ƙwato Malvinas, kuma masana tarihi da dama na ganin cinikin da aka ƙulla ke nan: kujera ga Galtieri, tsibirai ga Anaya. Aka fake da rashin lafiyar Viola aka sauke shi. Ranar 22 ga Disamba 1981 Galtieri ya yi rantsuwar zama shugaban ƙasa, bai kuma saki muƙaminsa na babban hafsa ba. Majalisar mulkin sojan ta ƙunshi shi da Anaya da shugaban sojan sama, Basilio Lami Dozo. Ministansa na tattalin arziki, Roberto Alemann, ya daskarar da albashi ya ƙara haraji, talaka ya ƙara shiga uku. Shi kuwa shugaban har ya fara mafarkin cire kaki ya tsaya zaɓe. A Fabrairun 1982 aka shirya masa gagarumin bikin gashin nama a garin Victorica, dubban mutane suka ci suka sha, ana gwada farin jininsa.

Tsibiran da ake magana a kansu suna Kudancin Tekun Atilantika, kimanin kilomita 480 daga gaɓar Ajantina, kusan tafiyar Yamai zuwa Madawa, amma fiye da kilomita 12,000 daga Birtaniya. Wuri ne mai sanyi da iska, babu itatuwa, sai ciyawa da duwatsu da laka. A 1982 mazaunansa ba su wuce 1,800 ba, kusan dukansu jikokin Turawan Birtaniya, suna kiwon tumaki dubu ɗaruruwa. Faransawa ne suka fara kafa sansani a 1764, kuma daga sunan garinsu Saint-Malo aka samo kalmar Malvinas. Ingilishi suka kafa nasu, Sipaniya ta karɓi na Faransa, daga baya duk suka janye. Bayan samun ƴancin kai Ajantina ta ce ta gaji tsibiran daga Sipaniya, ta naɗa musu gwamna. A Janairun 1833 jirgin yaƙin Birtaniya ya zo ya kori jami'anta. Tun daga nan kowane yaro a makarantar Ajantina ke tashi da sanin cewa an ƙwace musu ƙasa. A 1965 Majalisar Ɗinkin Duniya ta buƙaci ƙasashen biyu su zauna su sasanta. Aka shafe shekara 17 ana zama ana tashi. Ajantina na kafa hujja da tarihi da kusanci, Birtaniya na cewa mazauna wurin ba sa son a miƙa su.

Gaskiyar magana, Landan ta ba da alamun da za su iya ruɗar mutum. A 1980 wani ƙaramin minista, Nicholas Ridley, ya kawo shawarar a miƙa wa Ajantina mallakar tsibiran sannan Birtaniya ta karɓi hayarsu na tsawon shekaru. Majalisa da mazauna tsibiran suka yi fatali da ita. A 1981 gwamnatin Margaret Thatcher ta sanar da janye Endurance, jirgin ruwa ɗaya tilo da ke sintiri a yankin, ta kuma shirya sayar wa Ostireliya da jirgin dakon jiragen yaƙi Invincible. Galtieri da mutanensa suka karanta wannan a matsayin cewa Birtaniya ta gaji da wurin. Lissafinsu ya tsaya a kan abu uku: Birtaniya za ta yi kumfar baki ne kawai, Amurka za ta kame bakinta, duniya kuma za ta ɗauki abin a matsayin korar ɗan mulkin mallaka. Ko ɗaya bai tabbata ba.

Shirin farko shi ne a kai farmaki can gaba cikin shekarar, a bar ƴan sojoji kaɗan, a koma teburin shawara da ƙarfi a hannu. Sai wani ƙaramin al'amari ya hanzarta komai. Ranar 19 ga Maris wasu leburorin wani ɗan kasuwar tsofaffin ƙarafa suka sauka a tsibirin South Georgia, wanda shi ma ke hannun Birtaniya, suka kafa tutar Ajantina. Cacar baki ta kaure. Majalisar sojan ta ji tsoron kada Landan ta turo ƙarin dakaru, ta yanke shawarar a far wa tsibiran nan take. Da sun yi haƙurin wasu watanni, da Endurance ya tafi, da kuma makaman da suka saya daga Faransa sun gama isowa. A lokacin jiragen Super Étendard biyar da makamai masu linzami na Exocet biyar kawai suka karɓa. A daren 1 ga Afrilu Reagan ya kira Galtieri ta waya, ya daɗe yana jan kunnensa cewa Thatcher za ta mai da martani da ƙarfi. Bai saurara ba.

Kwana 74

Kama tsibiran bai ɗauki lokaci ba. Sojojin Birtaniya da ke wurin ba su kai ɗari ba, gwamna Rex Hunt ya ba su umarnin ajiye makamai bayan ƴan sa'o'i. Washegari Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 502 da ke neman Ajantina ta janye. Panama kaɗai ta ƙi. Ƙasashen Afirka uku da ke kwamitin a lokacin, Togo da Uganda da Zaire, duk sun goyi bayan ƙudurin, abin da bai kamata ya ba kowa mamaki ba ganin yadda sojojin Ajantina ke ɗasawa da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Ranar 5 ga Afrilu jiragen yaƙin Birtaniya suka fara barin tashar Portsmouth. Wasu manyan jiragen da suka ɗauko sojoji sun tsaya shan mai a Freetown ta Saliyo kafin su wuce tsibirin Ascension.

Tafiyar ta ɗauki makonni uku, kuma a cikin makonnin nan ne Galtieri ya yi babban kuskurensa. Sakataren harkokin wajen Amurka, Alexander Haig, ya yi ta zirga-zirga tsakanin Landan da Buenos Aires da tayin sulhu iri-iri, ciki har da janyewar ɓangarorin biyu da gudanar da tsibiran na wucin gadi tare da sa hannun wasu. Da ya karɓa, da Ajantina ta samu fiye da abin da ta samu a shekara 17 na tattaunawa. Amma ranar 10 ga Afrilu, Haig na cikin fada, aka tara jama'a a Plaza de Mayo, Galtieri ya fito baranda ya ƙalubalanci Birtaniya da ta zo a gwabza. Taron ya ɗauki ihu. Daga ranar ya zama fursunan wannan ihun: duk wani sassauci zai zama cin amana a idon mutanen da ya zuga da bakinsa. Masu shiga tsakani sun koka cewa ba a san wa ke yanke magana a Buenos Aires ba, abin da aka amince da dare sai a warware shi da safe. Ranar 30 ga Afrilu Amurka ta fito fili ta bi bayan Birtaniya.

An jibge sojoji fiye da 10,000 a tsibiran ƙarƙashin Janar Mario Benjamín Menéndez. Yawancinsu samari ne masu aikin soja na dole, ƴan shekara 18 zuwa 20, wasu ko wata uku ba su yi da fara horo ba. Da yawa an kwaso su daga lardunan arewa masu zafi irin su Corrientes da Chaco aka zuba su cikin ramuka masu ruwa a farkon hunturu. Dakarun da suka saba da dutse da ƙanƙara an bar su a kan iyakar Chile, don tsoron kada Janar Pinochet ya kawo hari ta baya. Galtieri ya leƙa tsibiran sau ɗaya, ranar 22 ga Afrilu, aka ɗauki hotuna, ya koma.

Ranar 2 ga Mayu jirgin ƙarƙashin teku na Birtaniya mai suna Conqueror ya nutsar da General Belgrano, wani tsohon jirgin yaƙi da Ajantina ta saya daga Amurka. Mutum 323 suka mutu, kusan rabin dukan waɗanda Ajantina ta rasa a yaƙin. Jirgin yana wajen da'irar mil 200 da Birtaniya ta shata, shi ya sa har yau ake gardama a kan harin, wanda kuma ya binne shirin sulhun da shugaban Peru, Fernando Belaúnde Terry, ya kawo. Bayan wannan, manyan jiragen Anaya, mutumin da ya fi kowa matsa lamba a yi yaƙin, suka koma kusa da gaɓa, ba su sake fitowa ba.

Matuƙan jiragen sama ne suka fitar da ƙasar kunya. Ranar 4 ga Mayu suka harbi Sheffield da Exocet, mutum 20 suka mutu. Bayan da Birtaniya ta sauke dakaru a San Carlos ranar 21 ga Mayu, suka riƙa zuwa ƙasa-ƙasa, kamar za su taɓa ruwa, suka hallaka Ardent da Antelope da Coventry da jirgin kaya Atlantic Conveyor, daga baya kuma Sir Galahad. Bama-bamai da dama sun faɗa kan jirage ba su fashe ba saboda an sake su daga kusa ƙwarai. Asarar jiragen masu saukar ungulu da ke cikin Atlantic Conveyor ta sa sojojin Birtaniya suka taka kimanin kilomita 90 a ƙafa da kaya a baya, amma suka isa.

A gida kuwa ana ta gaya wa jama'a cewa nasara ake yi. Gidan talabijin na gwamnati ya yi shiri na sa'a 24 na tara gudunmawa, mata suka cire zobba da sarƙoƙi suka bayar, yara suka rubuta wasiƙu suka haɗa da cakulan. Kaɗan daga ciki ne ya isa ramukan. Samarin na fama da yunwa da ciwon ƙafa na sanyi, kuma tsofaffin sojoji da yawa sun ba da shaida cewa wanda aka kama ya yanka tunkiya ko ya ɗauki abinci, hafsoshinsa kan ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa a turaku, a bar shi kwance a kan ƙasa mai ƙanƙara. Gwamnatin da ta kashe dubbai da sunan yaƙi da gurguzu ta koma neman agaji ko ta ina: ministan harkokin wajenta, Nicanor Costa Méndez, ya je Havana ya rungumi Fidel Castro, Libiya ta Gaddafi kuma ta aiko da makamai.

Goose Green ta faɗi a ƙarshen Mayu. Daga 11 zuwa 14 ga Yuni aka yi faɗan dare a kan duwatsun da ke kewaye da babban garin Stanley, inda wasu rukunonin Ajantina suka yi tsayin daka har aka kai ga sukar juna da wuƙar bindiga. Ranar 13 ga wata, ana tsakiyar wannan, ƙungiyar ƙwallon ƙafar ƙasar tare da matashi Diego Maradona ta buɗe gasar cin kofin duniya a Sipaniya, Beljiyam ta ci ta 1 da nema. Washegari Menéndez ya yi magana da Galtieri daga Stanley. Shugaban ya dage sai an tattara sauran dakaru an mai da hari, kwamandan ya gaya masa babu sauran abin da za a tattara. A daren ya sa hannu kan takardar miƙa wuya ga Manjo Janar Jeremy Moore. Ajantina ta rasa mutum 649, Birtaniya 255, da mata uku mazauna tsibiran. Fiye da sojoji 11,000 suka zama fursunonin yaƙi.

Ranar 15 ga Yuni gwamnati ta sake kiran jama'a Plaza de Mayo don su saurari shugaba. Suka zo, amma da zagi da jifa, aka watsa su da hayaƙi da harsashin roba. Galtieri ya yi jawabi ta talabijin, bai ko ambaci kalmar miƙa wuya ba. Ya so a ci gaba da zaman yaƙi da Birtaniya, janar-janar ɗinsa suka ƙi, ranar 17 ga Yuni suka tilasta masa sauka. Dama kafin ƙarshen yaƙin ya amsa wa ƴar jaridar Italiya Oriana Fallaci cewa bai taɓa zaton Birtaniya za ta turo runduna daga wannan nisa ba.

Lokacin da jirgin Canberra ya sauke dubban fursunoni a Puerto Madryn, mutanen garin suka keta shingen soja suna miƙa musu burodi har ya ƙare a garin. Hukumomi kuwa suka kulle su a barikoki, aka ciyar da su don su murmure kafin iyayensu su gan su, aka gargaɗe su kada su faɗi abin da suka gani. Ƙungiyoyin tsofaffin sojojin sun ce ɗaruruwa daga cikinsu sun kashe kansu a shekarun da suka biyo baya.

Kotu, afuwa, kotu

Shan kayen ya karya mulkin soja. Janar Reynaldo Bignone ya riƙe ƙasar har bayan zaɓen 30 ga Oktoba 1983 wanda Raúl Alfonsín ya lashe, kuma tun daga nan soja bai sake mulkin Ajantina ba. Thatcher, wadda farin jininta ya yi ƙasa sosai kafin yaƙin, ta ci zaɓen Yunin 1983 da gagarumin rinjaye.

Rundunar da kanta ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon Janar Benjamín Rattenbach. Rahotonsa ya kira yaƙin kasada da aka shiga ba shiri, ya kuma nuna cewa laifin Galtieri da Anaya ya faɗa ƙarƙashin sassan dokar soja da hukuncinsu ke iya kaiwa ga kisa. An ɓoye rahoton a hukumance har 2012. A shari'ar shugabannin mulkin soja ta 1985, inda aka yanke wa Videla da Admiral Emilio Massera ɗaurin rai da rai, an sallami Galtieri, domin shari'ar ta duba abin da kowa ya yi ne a lokacin da yake cikin majalisar mulki, ba abin da ya faru a Rosario ba. A 1986 kotun soja ta ɗaure shi shekara 12 saboda sakaci wajen tafiyar da yaƙin. Ke nan hukunci ɗaya tilo da ya taɓa hawa kansa na faɗuwa a yaƙi ne. A Oktoban 1989 shugaba Carlos Menem ya yi masa afuwa.

Ya koma wani gidan bene a unguwar Villa Devoto ta Buenos Aires, yana cin fanshonsa, ba ya hira da ƴan jarida. A 1990 ƙasashen biyu suka maido da hulɗar jakadanci, a 1994 kuma Ajantina ta rubuta haƙƙinta a kan tsibiran cikin kundin tsarin mulki, tare da cewa ta hanyar dokokin duniya za a nema. Yaƙin da aka yi don ƙwato su ya sa Birtaniya ta gina babban sansanin soja a Mount Pleasant, ta ba mazauna wurin cikakkiyar takardar zama ƴan ƙasa, ta kuma daina sauraron duk wata magana a kan mallaka.

Mamatan Rosario ba su bar shi ba. A 1997 alƙalin Sipaniya Baltasar Garzón ya ba da sammacin kama shi a duk inda aka gan shi a duniya, kan kisa da ɓatar da ƴan asalin Sipaniya a yankin da ya yi kwamanda, abin da ya hana shi fita ƙasar. A Yulin 2002 alƙali Claudio Bonadio ya sa aka tsare shi kan ɓacewar wasu ƴan Montoneros kimanin 20 da aka kama tsakanin 1979 da 1980. Saboda tsufa da ciwon daji aka bar shi ɗaurin talala a gida. Ya mutu ranar 12 ga Janairu 2003 a babban asibitin soja na Buenos Aires, yana da shekara 76, kafin a fara sauraron shari'ar. An binne shi a maƙabartar Chacarita.